Baƙin Gidan Kan Dutse

Akwai wani ɗan kanti a unguwar Bin Mahmud, nan Doha, da nake tsayawa in sayi ruwan sanyi idan na sauke yaran maigidana a makaranta. Mai kantin mutumin Indiya ne, a bayan teburinsa yana da wata 'yar na'ura da yake kankare wa matan ƙasarsu kwakwa da ita. Ran nan na shiga na tarar ya fasa wata da ta kwana biyu, har ta fara tsami. Warin ya daki hancina, na tsaya riƙe da gorar ruwa kamar wanda aka kira sunansa daga nesa. Sai da ya ce mini "yalla, yalla", wato in yi sauri, saboda akwai mutane a bayana, sannan na dawo hayyacina. Na koma mota na zauna ban tayar da ita ba. Rana tana dukan gilashi, ni kuwa ina can gida, a gaɓar tekun Gana, cikin gandun kwakwar da na girma.

Ni ɗan zango ne. In ba ka san zango ba, mai karatu, unguwa ce ta Hausawa da sauran Musulmin arewa da suka sauka a garuruwan kudu, suka yi aure, suka hayayyafa, har jikoki suka tashi ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba amma da Hausa suke faɗa, da ita suke shiryawa. Sai dai ni ban tashi a cikin zangon sosai ba. An kai ni yaye wurin kakata, mahaifiyar uwata, ba a sake karɓo ni ba. Ita kuwa tana zaune da kakana a bayan gari, a wani tsohon gini da ke tsaye a kan dutse, teku na dukan gindinsa ba hutu. Gidan Kan Dutse kowa yake ce masa. Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, shi ne mai gadinsa. Kakata kuwa Iya muke ce mata, ita kuma ta ce mini Maigida, irin wasan kaka da jika.

In ka baro zango ka bi hanyar rairayi, sai ka shiga gandu, itatuwan kwakwa jere-jere iyakar ganinka, da yawansu sun tsufa sun rage 'ya'ya. Daga nan hanya ta fara hawa, a ƙarshenta ginin yake. Bene ne, katangarsa ta dutse, mai kaurin da nake kwanciya a kan taga in miƙe ƙafa ba tare da na faɗo ba. An taɓa shafa masa farar ƙasa, amma iskar gishiri ta cinye ta, ta bar shi dabbare-dabbare. A gabansa akwai tsofaffin igwa kwance cikin ciyawa, tsatsa ta ci su, bakinsu na kallon teku. A kansu Iya take shanya wanki. Muna kwana a ɗakin da ya ba teku baya. Akwai kuma wani ɗaki can ƙasa, sai ka sauka matakala ka sunkuya kafin ka shiga. Ba shi da taga, sai wani rami kusa da rufi da bai fi tafin hannu ba. Ƙasarsa kullum a jiƙe take, rani da damina, ba mai zama a ciki sai jemagu.

Tarihin gidan ban karanta shi a ko'ina ba. A bakin Baba Tsoho na tsince shi guntu-guntu, lokacin rani, idan muna fasa kwakwa muna shanya ta a farfajiya, ƙudaje na binmu, warin nan mai tsami ya kama tufafinmu har sabulu ya gaza fitar da shi. Ya ce Turawan farko ne suka gina shi, waɗanda ko ubansa bai riske su ba. A kan mutane aka hawo da duwatsun daga gaɓa, aka ƙona ƙumba, wato ɓawon dodon-koɗin teku, aka yi abin da aka haɗa su da shi. Bature yana kwana a sama yana shan iska, a ƙasa kuma a ajiye kayan da jirgi zai zo ya ɗauka. Na taɓa tambayarsa wane irin kaya. Ya ce, "Kayan da ke numfashi," ya ci gaba da fasa kwakwarsa.

Waɗancan Turawa suka tafi, gidan ya zama kango, itatuwa suka fito ta cikin tagoginsa. Can daga baya wasu Turawan suka zo, suka gyara rufi, suka zuba sojoji Hausawa a ciki don su tsare gaɓar daga masu fasa-ƙwauri. A cikin sojojin nan mahaifin Baba Tsoho yake. Da aka kwashe soja, wani kamfani ya share dajin ya dasa kwakwa, manajansa ya tare a bene, mahaifin Baba Tsoho ya ajiye bindiga ya zama mai gadi. Da ya rasu ɗansa ya gaje shi. Bayan an sami mulkin kai, manaja ya haɗa kayansa, gandu ya koma hannun hukuma. Wani ma'aikaci ya riƙa leƙowa jefi-jefi, daga baya shi ma aka daina ganinsa. In aka tambayi Baba Tsoho me yake gadi har yanzu, sai ya ce, "Ba a sallame ni ba."

Game da mahaifin nasa, abin da muka tashi muka ji shi ne, farke ne daga ƙasar Kano, mai fataucin goro, jakunansa suka mutu a hanya, ya ga ba shi da abin komawa gida sai ya shiga soja. Wanda ya fi kowa son wannan labari shi ne Kawu, yayan mahaifiyata. Tela ne a zango, mutum mai tsafta da son girma, yana cikin waɗanda ke zama a zauren Sarkin Zango in ana shawara. A zango kuwa kowa baƙo ne, saboda haka asali yana da tsada. In faɗa ya yi zafi, zagin da ya fi ciwo shi ne a tambaye ka da me kakanka ya zo garin. A lokacin da nake ba ka labari, babban ɗan Kawu yana neman aure a gidan Sarki, magana ta yi nisa, har an kai gaisuwa.

A gefen ginin, ta wajen teku, akwai jerin kaburbura a ƙarƙashin wata itaciya. Na sojojin nan ne da zazzaɓi ya kashe, an kewaye kowanne da duwatsu. Na ƙarshe a jerin, mafi kusa da katanga, shi ne na mahaifin Baba Tsoho. Kowace Juma'a da safe yakan ɗauki fartanya ya cire ciyawa, ni in bi shi da tsintsiya, sannan mu ɗaga hannu mu yi addu'a. Ya ce lokacin yana yaro akwai fili tsakanin kaburburan da bakin dutse wanda ake ɗaure dawakin manaja a ciki. A zamanina filin ya tafi. Teku tana ɗiba kaɗan-kaɗan, ba ta gaggawa, ba ta kuma mayarwa.

Wata damina aka yi ruwa kamar ba za a daina ba. Kwana da kwanaki ba mu ga rana ba, masunta suka janye kwalekwalensu can cikin gandu, gishirin Iya ya narke a cikin tukunya. Ran da abin ya faru da hantsi ne. Iya tana niƙa barkono, ni ina kwance a kan taga, sai muka ji wata ƙara mai nauyi, gidan ya girgiza, ƙasa ta zubo daga rufi. Muka fita a guje. Itaciyar nan babu ita. Ta tafi da gefen dutsen, tare da kaburburan da ke ɗaya ƙarshen jerin, mafi nisa da katanga. Inda suke sai jan laka a buɗe, ruwa na kwarara ta kai. Baba Tsoho ya tsaya cikin ruwan sama ba hula, bakinsa na motsi, ban ji abin da yake faɗa ba.

Da teku ta ja baya ya ce in ɗauko tabarma. Muka sauka ta hanyar masunta, yana dafe da kafaɗata saboda gwiwoyinsa. Idanunsa sun riga sun yi rauni, don haka ni ne mai gani. A cikin laka da saiwoyi da kaguwa masu gudu, na fara hango fari-fari. Na ja da baya. Ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ka ji tsoro, abokina. Mutane ne, sun san ubana. Da hannun dama za ka ɗauka, ka yi bismilla." Haka na yi ta tsinta ina kawo masa, yana wankewa da ruwan buta yana jerawa a tabarma. Tun ina ɗari-ɗari har na saba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin nauyinsu.

Washegari aka zauna a zauren Sarkin Zango. Liman ya ce in ruwa zai ci kabari, ya halatta a tone a mayar da mamaci inda zai tsira. Aka sa rana. Sarkin masunta, wani dogon tsoho Bafante, ɗan ƙabilar masu gaɓar, da suka daɗe suna musayar kifi da kwakwa da Baba Tsoho, ya ce bakin dutsen ba shi da tabbas, zai kawo samarinsa da igiyoyi. Haka kuwa aka yi. Duk wanda zai yi tono sai a ɗaura masa igiyar taru a ƙugu, masunta su riƙe ɗaya bakin daga nesa. Ranar ruwa ya ɗauke, rana ta fito da zafi, ƙasa na tururi.

Sojojin aka same su yadda aka ajiye su, kowanne a kan gefensa na dama, fuska ga alƙibla. Ana fito da su ana naɗewa cikin farin ƙyallen da aka tara daga zango. Da aka zo kan na ubansa, Baba Tsoho ya ce ba mai shiga sai shi. Aka ɗaura masa igiya, aka riƙe shi ya sauka, ya daɗe a ciki. Da ya fito ya zauna a gindin katanga da ƙunshin a kan cinyarsa kamar mai renon jariri.

Ana shirin tashi ke nan sai wani saurayin masunta, da aka zura ta gefen da ya zabtare don ya duba ko an bar wani abu, ya ƙwala kira da yarensu. Aka jawo shi sama, fuskarsa ta canza. Ya ce akwai wasu a ƙasa, can ƙarƙashin inda sojojin suka kwanta. Aka sake zura shi da kwando. Waɗannan ba a jere suke ba. An zuba su ne a rami ɗaya, wani kan wani, kai a nan ƙafa a can, wasu ƙanana ƙwarai. A ƙashin ƙafar da yawansu akwai zoben ƙarfe da tsatsa ta cinye, wasu zobban a haɗe biyu-biyu da guntuwar sarƙa. Mari ne, irin wanda ake sa wa bawa. Aka shimfiɗa su a tabarmi a farfajiyar da muke shanya kwakwa.

Wani dattijo daga zango ne ya fara magana. Ya ce, "Waɗannan ba namu ba ne. Wa ya san ko sun taɓa kai goshi ƙasa?"

Aka juya ga sarkin masunta. Ya dubi tabarmin, sannan ya ce da gurguwar Hausarsa, "Namu ba a binne su haka. Kuma kakanninmu ne suka tuƙa kwalekwalen da ke kai irinsu jirgi. Da wace fuska za mu karɓe su?"

Wani ya ce tunda teku ce ta tono su, a bar mata. Kawu ya gyara babbar rigarsa ya matso kusa da mahaifinsa. Ya ce, "Baba, rana na yi. A mayar da su inda aka same su, mu ji da namu."

Baba Tsoho bai ɗago ba. Ya ce in miƙo masa ɗaya daga cikin ƙarafan. Na ɗauko wani da ya riga ya rabu da ƙashinsa na sa masa a hannu. Ya shafa shi da yatsa, ya juya shi, ya ce, "Na san wannan ƙarfen."

Daga nan ya yi maganar da ban taɓa jin ya yi mai tsawonta ba. Ya ce lokacin yana yaro shi ke shafa wa ubansa man kaɗanya a ƙafa. A idon sawunsa, dama da hagu, akwai tabo da ya zagaye kamar an zana, fata mai sheƙi da gashi ba ya fitowa. Ya ce ubansa ba farke ba ne. Goro ya ɗauka, gaskiya ne, amma a ka, kuma na wani ne. An kama shi yana ƙarami daga wani ƙauye da ya manta sunansa, abin da ya riƙe kawai wata kuka a bakin rafi da tsagen fuskar uwarsa. Hausar ma a cikin mari ya koye ta. Da ayarin ya iso kudu ya sami sa'a ya tsinke ya gudu, ya faɗa barikin soja saboda ya ji an ce wanda ya sa kaki ba a mayar da shi ga ubangidansa.

"Baba!" in ji Kawu.

"Ka yi shiru. Ni na yi shirun tun kafin a haife ka, kuma dominku na yi." Ya ɗaga ƙarfen sama yadda kowa zai gani. "Da an haifi ubana da wuri kaɗan, da a ɗakin can na ƙasa zai kwana, ba a bakin ƙofa da bindiga ba. In maƙabartar zango ba za ta karɓi waɗannan ba, ku bar mini shi a nan tare da su, teku ta kwashe su gaba ɗaya." Sai ya juya ga Sarkin Zango. "Ranka ya daɗe, shi zango ba don baƙon da ya rasa masauki aka kafa shi ba?"

Sarki ya dubi Liman. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Can ya ce, "Imaninsu ba mu sani ba, Allah ne ya sani. Amma 'ya'yan Adamu ne, suturarsu tana kanmu. A ba su wuri a gefen gabas, kusa da shinge."

Farin ƙyallen da aka kawo ya riga ya ƙare a kan sojoji. Ana cikin tunanin wa za a aika gari, sai ga Iya ta fito daga ɗaki. Duk abin da ake yi tana tsaye a bayan ƙofa tana ji. A hannunta akwai likkafanin da ta saya wa kanta tun da daɗewa, wanda take ajiye a ƙasan adaka, take fito da shi ta shanya duk shekara don kada asu ya ci. Ta warware shi ta ce mini, "Maigida, riƙe mini nan." Ta sa haƙori ta fara yagawa.

Liman ya ce, "Iya, naki ne fa."

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ni ina da masu nemo mini wani."

Baba Tsoho ya ce ba za a binne kowa da ƙarfe a ƙafa ba. Aka yi zaton sai an kira maƙeri, ashe ba a bukata. Ni da saurayin nan muka durƙusa muna zarewa. Ƙashin yana zamewa daga zoben cikin sauƙi, abin da ya gagari mai shi tsawon ransa. Sarkin masunta ya tattara ƙarafan a cikin buhu, ya ce zai kai su inda taru ba ya kaiwa.

Aka sauko da su ta cikin gandu da la'asar, 'yan zango da masunta suna karɓa-karɓa a kafaɗa, inuwar kwakwa na ratsa farin ƙyallen. Kawu bai ɗauka ba. Da aka zo mararraba ya bi hanyar gida, bai waiwayo ba.

Kada ka ɗauka an yaba wa Baba Tsoho. Kafin mako ya zagayo labari ya gama zango. Maganar auren ɗan Kawu ta yi sanyi, daga sanyi ta mutu, ba wanda ya faɗi dalili. Kawu ya rage zuwa zauren Sarki, ya kuma daina hawowa Gidan Kan Dutse gaba ɗaya, ko da salla. In sun haɗu da mahaifinsa a masallacin Juma'a yakan durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata, ya tashi ba tare da ya haɗa ido da shi ba. Ni ma na samu rabona. A makarantar allo yara suka sa mini jikan bawa. Na yi dambe na dawo da fasasshen leɓe. Iya tana gasa mini da ruwan zafi tana tsine wa iyayen da ba su yi tarbiyya ba, Baba Tsoho kuwa ya ce, "Ai ba ƙarya suka yi ba. Gobe ka ƙarasa musu labarin, ka ce ya tsinke ya gudu."

Bayan wasu damuna katangar da ke fuskantar teku ta tsage daga sama har ƙasa, har kana iya hango ruwa ta cikinta. Mahaifiyata ta zo ta yi kuka ta yi roƙo, sannan Baba Tsoho ya yarda muka koma zango. Ya kulle ƙofar gidan da kansa duk da tagogin ba su da marufi. A zango bai daɗe ba. Yakan zauna a ƙofar gida ya juya kunne wajen kudu, ya ce garin ya cika shiru. Kafin kwakwar shekarar ta bushe ya rasu. Kawu ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi, ban ga hawaye a idonsa ba. Iya ta bi shi bayan 'yan shekaru, Kawu ya ɗinka likkafaninta da hannunsa.

Ni kuma na girma, na koyi tuƙi, na yi aure, neman abinci ya kawo ni Doha. Bara da kafil ɗina, wato maigidan da nake wa aiki, ya ba ni hutu na je gida, na ce sai na ga Gidan Kan Dutse. Wasu masu hali sun karɓi gandun. Sun sare tsofaffin itatuwan, sun zuba kankare a gindin dutsen don su tare teku, sun gyara katangar, sun shafe gidan fari fat. A bene, inda manaja yake kwana, baƙi na cin kifi suna ɗaukar hoto. An goge igwa an ɗora su a kan dakali. Ɗakin ƙasa an sa masa fitila, wani saurayi mai ladabi yana shiga da mutane yana yi musu bayani da Turanci. Na bi su na saurara. Ya san sunan Turawan da suka gina gidan, ya faɗi abin da aka yi a ɗakin, wasu matan har suka yi hawaye. Bai ambaci sojoji ba, balle mai gadi. Da wani ya tambaye shi ina waɗanda suka mutu a ciki, ya ce ba wanda ya sani. Na bar su a nan na fito. A tagar da nake kwanciya an sa gilashi da tukunyar fure.

Da na koma zango na gaya wa Kawu inda na je. Ya tsufa ƙwarai, ya bar ɗinki, ido ɗaya ya tafi. Sai ya ce in miƙo masa sandarsa, in raka shi maƙabarta. Ita ma ta canza. Ta cika ta batse, gidaje sun matso har jikin shinge, tsofaffin kaburbura sun baje, ciyawa ta kai gwiwa. Na ɗauka wurin Baba Tsoho za mu tsaya, muka kuwa tsaya muka yi addu'a, amma sai ya ci gaba, yana lalube da sanda, har gefen gabas. A can akwai wani fili mai faɗi, a share tas, an kewaye shi da duwatsun gaɓa masu santsi, ba ko ƙwayar ciyawa.

Na ce, "Kawu, wa ke share nan?"

Ya dogara da sandarsa ya ce, "Na riƙe fushin Baba har na sa shi a ƙasa. Na fito daga kabarinsa na juyo, sai na ga ciyawa ta rufe masu marin nan. Na jira kowa ya watse, na cire da hannu." Ya numfasa. "Yanzu gwiwoyina sun gaji. Waɗanda suka ga ranar nan duk sun tafi, daga ni sai kai. Kai kuma kana ƙasar Larabawa."

Ya kama hannuna ya zagaya da ni, yana ɗora tafina a kan dutsen kowace kusurwa, don kada wata rana a ɗauka fili ne a tona. Kafin in dawo na kai babban ɗana wurin, na saya masa fartanya.

A nan Doha ba na ganin tsohon gini sai wanda aka gyara don masu yawon buɗe ido. Unguwar da na sani da na zo, yau in na bi ta sai in ɓata. A nan mutane ne ke cin teku, su cike ta da ƙasa su kafa benaye a kai, kuma waɗanda suka ɗora duwatsun sun zo ne daga ƙasashe masu nisa, sun gama sun koma, ko ba su koma ba, ba a rubuta sunansu a jikin komai ba. In na tsaya a danja ina kallon motocin da ke kwaso leburori da yamma, kawunansu jingine da gilashi, nakan rasa abin da zan ce a raina sai Allah ya mai da kowa gida.

Juma'ar da ta wuce, na fito daga masallaci a unguwar Nu'aija ina neman takalmina, sai saƙon murya ya shigo daga ɗana. Ya ce Kawu ba ya iya fita yanzu, shi kaɗai ya je ya share. Sannan ya ce, "Baba, in na ɗaga hannu ban san abin da zan ce ba. Su waye a ciki? Mene ne sunansu?"

Na tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa, mutane na ratsa ni ta dama da hagu. Na danna wayar na ce masa, "Ka ce, ya Allah, ga baƙinmu nan. Kai ka san sunansu."